Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ranar da littafina ya fito
da ƙafa na hau bene na tara,
don na'urar hawa ta mutu tun watan azumi
kuma ba wanda ya leƙo ta.
Iskar Marseille na bubbuga tagogi
kamar mai bin bashi.

Babana, Soilihi Mroivili,
na zaune inda ya saba,
ƙafafunsa cikin baho, ruwan ɗumi da gishiri.
Shekara talatin da huɗu yana wanke faranti
a bayan gidajen abinci na bakin tashar jiragen ruwa,
har zanen yatsunsa ya suɗe.
Ran da ya je sabunta takardar zama
ya dangwala, ya sake dangwalawa,
na'ura ta ce ba ta san shi ba.

Na miƙa masa. Ya goge hannu a gefen zaninsa,
ya karɓa da hannu biyu, kamar an ba shi jinjiri.
Ya jinjina nauyinsa. Ya shinshina.
Ya ce, "Warin ofis yake yi."

Da Faransanci na rubuta shi,
yaren da aka tambaye shi sunan ubansa da shi
aka rubuta a karkace,
yaren da rabonsa a ciki bai wuce
"to, shugaba" da "saura tukwane" da ranar biyan haya ba.
Ni ko a cikinsa nake mafarki,
a cikinsa nake faɗa da mijina.
Yaren Ngazija na bakina kamar karyayyen haƙori:
kullum harshena na kansa,
amma ba na iya tauna da shi.

Ya ce, "Ina nake a ciki?"

Na buɗe shafi na arba'in da ɗaya.
Ina karantawa ina juya masa, kalma bayan kalma,
kamar mai ƙetare rafi a kan duwatsu:
yaro a Fumbuni,
baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari,
kanumfari a shanye bisa tabarma,
jirgin da ya ɗauke shi da asuba,
uwarsa a bakin teku tana sharɓar kuka.

Ya ɗaga hannu.
"Ba ta yi kuka ba.
Ba ta ma zo ba. Akuyarta ce ta ɓata,
ta shiga daji nema. Ko sallama ba mu yi ba."
Shiru. Ruwan bahon ya huce.
"Kuma ba da asuba ba ne. Da la'asar ne, ana zuba rana."

Na ce ai tun bara wata mujalla ta buga wannan shafin,
wani farfesa ya kira shi tabon mulkin mallaka,
har ɗalibai sun zauna jarrabawa a kansa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Su yi ta cin jarrabawa da kukan da ba a yi ba!
Akuyar fa? Bayan kwana uku aka gan ta,
shi ne layin farko a wasiƙar farko.
Wannan ba ki sa ba."

Ban sa ba, don ban sani ba.
Ban taɓa tambaya ba.
Na zaci na san yadda uwa ke rabuwa da ɗanta,
ashe aro na yi a littattafan wasu,
na ɗinka wa kakata rigar da ba tata ba.

Ya miƙe, ƙafa na ɗiga a leda,
ya jingina littafin a saman kabad
kusa da hoton gidan da yake ginawa a Fumbuni,
shekara goma sha ɗaya, har yau ba rufi,
ciyawa ta fito a falo.

Ya dawo ya zauna.
"Zalhata, ɗauko biro.
Akuyar ja ce, kunne ɗaya a tsage.
Amma ƙaro mini ruwan zafi tukuna,
labarin da nisa."